Babban Yaya na Aro: Abin da Ke Faruwa Idan Babba Ya Riƙe Hannun Ɗan Wani

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirin na yau zai duba wani aiki da ba a biyan albashi a kansa, ba a kuma neman takardar digiri kafin a kama shi. Aikin shi ne babban mutum, namiji ko mace, ya zaɓi yaro ɗaya ko yarinya ɗaya da ba shi ya haifa ba, ya ware masa lokaci a kai a kai, ya zame masa jagora har ya tsaya da ƙafarsa. Akwai ƙasar da ta shafe fiye da shekara 100 tana gudanar da wannan aiki a tsare, tana auna amfaninsa da kuma illarsa. Abin da aka gano a can ya shafi duk wanda ya taɓa duban samarin unguwarsu ya ji ciwon halin da suke ciki.

(Kiɗa)

A shekarar 1904, a birnin Niyok na Amurka, an yi wani mutum mai suna Ernest Coulter. Tsohon ɗan jarida ne da ya koma magatakarda a kotun yara. A lokacin birnin ya cika maƙil da baƙi daga Turai, iyalai sun cunkushe a ƙananan ɗakunan haya, iyaye na wuni a masana'antu, yara kuma na wuni a titi. Coulter na zaune a kotu yana rubuta sunaye da laifuffuka, sai ya lura cewa fuskokin da ya gani bara su ne yake sake gani bana. Alƙali ya yi faɗa, ya yanke hukunci, yaro ya fita, bayan ɗan lokaci a sake shigo da shi.

Coulter ya tafi wajen taron wata ƙungiyar maza a wata majami'a ta birnin, ya roƙi kowanensu ya ɗauki yaro ɗaya tak daga cikin waɗanda ke zuwa kotu, ya riƙe shi a matsayin ƙane. Mutum 39 suka amsa. Daga nan aka samu ƙungiyar Big Brothers, wato manyan yayye maza. Kafin shekarar 1916 ta ƙare, aikin ya bazu zuwa birane 96. A ɓangaren mata kuma, wasu matan ɗariƙar Katolika sun riƙa jawo 'yan matan da suka bi ta kotun a jiki, har aikinsu ya zama ƙungiyar manyan yayye mata. A 1977 ɓangarorin biyu suka haɗe suka zama Big Brothers Big Sisters ta Amurka, wadda har yau take aiki.

Ga yadda tsarin nasu yake. Babba ɗaya, yaro ɗaya. Ana yi wa mai neman aikin tambayoyi, a binciki tarihinsa ko yana da tabon laifi, a tuntuɓi waɗanda suka san shi, a ba shi horo. Ana neman yardar iyayen yaron. Sannan ya ɗauki alkawarin aƙalla shekara guda, kuma akwai ma'aikacin ƙungiya da ke tuntuɓar yaron da iyayensa da jagoran lokaci zuwa lokaci don jin yadda abubuwa ke tafiya.

Shekara da shekaru ana yabon wannan aiki da baki kawai. Sai a farkon shekarun 1990 wata cibiyar bincike ta birnin Filadelfiya mai suna Public/Private Ventures ta ce bari a gwada shi a sikeli. Aka ɗauki yara 959 'yan shekara 10 zuwa 16 da suka nemi shiga shirin a birane takwas, yawancinsu daga gidajen da uwa ko uba kaɗai ke riƙe da su. Aka raba su gida biyu ta hanyar canki-canka, ba don halin kowa ko gatansa ba. Rabi aka nema musu jagora, rabi kuma aka bar su a layin jira. Bayan wata 18 aka koma aka auna kowa.

Sakamakon da ya fito a 1995 ya ja hankalin duniya. A tsakanin yaran da aka sa a rukunin masu jagora, yiwuwar fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ke jira. Yiwuwar fara shan giya ta ragu da kashi 27 cikin 100. Kai wa wani duka ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ranakun fashin makaranta sun ragu da kusan rabi. Har ila yau, yaran sun ce amana tsakaninsu da iyayensu ta ƙaru, alhali ba iyayen aka yi wa horo ba.

To me waɗannan manya suka yi da har aka samu haka? Nan ne abin mamakin yake. Ba aji suka buɗe ba, ba lacca suka riƙa yi a kan illar ƙwaya ba. A matsakaici suna haɗuwa da yaran kamar sau uku a wata, su yi awa uku zuwa huɗu tare. Su taka ƙafa su zagaya gari, su je kallon wasa, su leƙa ɗakin karatu, su ci abinci, su yi hira. Wanda ya ga su biyun a hanya ba zai ce wani aiki ake yi ba.

(Kiɗa)

Masu sauraro, a cikin waccan shekara ta 1995, wasu masu bincike mata biyu na cibiyar, Kristine Morrow da Melanie Styles, sun bi diddigin jagorori 82 da yaransu don gane dalilin da ya sa wata alaƙar ke ɗorewa wata kuma ke mutuwa. Sun tarar da iri biyu. Akwai jagoran da ke zuwa da jerin gyare-gyare a kansa: daga ranar farko yana son maki ya tashi, ɗabi'a ta sauya, a rabu da abokan banza. Shi ke zaɓar inda za a je, shi ke magana, yaro na sauraro. Akwai kuma wanda ke ba watannin farko ga abu ɗaya, wato yaron ya saki jiki da shi. Yana tambayarsa abin da yake so su yi, yana barinsa ya yi magana, ba ya gaggawar tono sirrinsa.

Yawancin alaƙoƙin rukunin farko sun yi sanyi ko sun watse. Yaron ya fara ɓuya, jagoran ya ji haushi ya ce yaron ba ya jin magana, kowa ya kama gabansa. Na rukuni na biyu kuwa galibi sun ɗore, kuma a nan ne yaran da kansu suka fara kawo matsalolinsu na makaranta da na gida suna neman shawara. Nasihar da jagoran farko ya yi ta turawa ana ƙi, ita ce aka zo ana roƙo a wajen na biyu.

Wannan darasi ne babba ga mutanenmu, domin an san mu da iya nasiha. Matashin da ke zaman majalisa a Kano ko fada a Damagaram ya ji wa'azi a masallaci, ya ji a rediyo, ya sha faɗa a gida. Abin da ya yi masa ƙaranci shi ne babban da zai zauna kusa da shi ya ce, “Ƙanena, yaya ake ciki?” sannan ya yi shiru ya saurari amsa har ƙarshe.

Sai dai dole a faɗi ɗaya gefen maganar, domin wannan aiki yana iya cutarwa.

A 2002, Jean Grossman da Jean Rhodes sun koma kan bayanan waɗancan yara na birane takwas, suka duba tsawon lokacin da kowace alaƙa ta yi. Yaran da jagoransu ya kai shekara guda ko fiye tare da su su ne suka fi samun ci gaba a karatu da ɗabi'a. Waɗanda kuwa alaƙar ta katse kafin wata uku, sai aka ga darajar da suke ba kansu ta ragu, haka ma amincewarsu cewa za su iya karatu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da yawa daga cikinsu sun riga sun ɗanɗana tafiyar uba, ta hanyar saki ko mutuwa ko ɗauri. Wani babba ya zo da fara'a da alkawura, bayan sati shida ya daina ɗaga waya. Yaron ba zai ce aiki ne ya yi wa mutumin yawa ba. Zai ce shi ne bai cancanci a tsaya masa ba.

Aikin jagora kamar ban ruwan dashe ne a lokacin rani. Wanda ya kwarara bokiti goma rana ɗaya ya tafi bai kai mai zuba moɗa ɗaya kowace safiya ba.

Akwai wani gwaji mafi tsufa da har gobe masana ke tunawa da shi. A shekarun 1930 wani likita mai suna Richard Cabot ya kafa shiri a garuruwan Cambridge da Somerville, kusa da Boston, don kare yara maza daga faɗawa laifi. An ba rabin yaran masu ba da shawara da ke ziyartarsu na kimanin shekara biyar, an taimaka musu da karatu da magani, an kai wasunsu sansanin hutun bazara. Ɗaya rabin an bar su yadda suke. Bayan shekara 30, wata masaniyar laifuka mai suna Joan McCord ta nemo su, mutum 253 a kowane ɓangare. Rahotonta na 1978 ya girgiza mutane: waɗanda aka taimaka wa sun fi sauran maimaita laifi, sun fi kamuwa da jarabar giya, kuma a cikin waɗanda suka rasu, su ne suka fi mutuwa da ƙuruciya. Duk da haka, kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda suka amsa tambayoyinta sun ce shirin ya amfane su.

Ɗaya daga cikin dalilan da McCord da abokan aikinta suka kawo daga baya shi ne tara yara masu rawar kai wuri ɗaya a sansani, inda suka koya wa juna abin da ake gudu. Sakamakon ya fi muni a tsakanin waɗanda aka kai sansanin fiye da sau ɗaya. Ke nan kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa shaida ba, godiyar wanda aka taimaka wa ma ba ta isa ba. A 2002 wani masani, David DuBois, da abokan aikinsa sun tattara nazari 55 a kan shirye-shiryen jagoranci, suka ga amfanin a jimlace matsakaici ne zuwa kaɗan, amma yana ƙaruwa a inda ake horar da jagorori, ake bibiyarsu, ake kuma saka iyaye a ciki.

(Kiɗa)

Mai sauraro zai iya tambaya ko dole sai da ƙungiya. Amsar ta zo daga tsibirin Kauai na jihar Hawayi. A can Emmy Werner da Ruth Smith suka bi rayuwar jarirai 698, wato waɗanda aka haifa a tsibirin a 1955, har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya bisa uku sun tashi cikin talauci da rikicin gida, wasu iyayensu mashaya ne ko masu taɓin hankali. Amma a cikin waɗannan, ɗaya cikin uku ya girma ya zama mutumin kirki mai riƙe kansa da iyalinsa. Da aka duba abin da ya haɗa su, ɗaya daga cikin manyan abubuwan shi ne kowannensu ya samu aƙalla babba ɗaya da ya tsaya masa: kaka, inna, babban wa, malamin makaranta, maƙwabci, ko wani dattijon wurin ibada. Babu wanda ya naɗa waɗannan mutane, su suka ɗora wa kansu.

A nan ne maganar ta iso gida, domin ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya kuma zama hamshaƙin attajirin goro da gyaɗa, ya rasa mahaifinsa yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta koma Akara. Wata dattijuwa a gidansu mai suna Tata ce ta riƙe shi, kuma sunanta zuri'ar ke amsawa har yau. Kafin nan, wajen shekarun 1830, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi mace dattijuwa mai mutunci ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar izini. Jaji kan jagoranci mata da 'yan mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, sannan ta koma da waƙoƙin ilimi tana koyarwa gida gida. A kasuwanni irin su Kurmi da Kantin Kwari, 'yan kasuwa da dama sun fara ne a matsayin yaran shago, ubangida ya koya musu ciniki da riƙon amana kafin ya sallame su da jari. Mata kuma suna da uwar ɗaki, wadda yarinya ke kai wa kukan da ba za ta iya kai wa mahaifiyarta ba saboda kunya. Da aka ce ɗa na kowa ne, irin wannan zama ake nufi.

Amma zaman ya sauya. Birane sun kumbura, mutum na iya shekara a gidan haya bai san sunan maƙwabcinsa ba. Wanda ya tsawata wa ɗan wani na iya ƙarewa a ofishin 'yan sanda. Yawan yaran kuma ya rinjayi na manya: a Nijeriya fiye da kashi 40 cikin 100 na jama'a ba su kai shekara 15 ba, a Nijar kuwa sun kusa rabi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da laifuka, wanda aka fi sani da rahoton 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi wa matasa, har da na Kano. Doka ta rufe wata ƙofa, amma ba ta san yaron da ya daina zuwa makaranta tun sati biyu da suka wuce ba. Maƙwabci ne ya sani.

Akwai masu farfaɗo da wannan gado a tsare. A Zariya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata tana tara 'yan matan karkara a ƙananan rukunoni, a wurin da iyaye da masu gari suka amince da shi, ƙarƙashin mace jagora da ke koya musu karatu da lissafi da dabarun rayuwa. A Nijar ma akwai shirin Illimin, wanda gwamnati ke gudanarwa tare da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma shi ma a kan mata jagorori na cikin gari ya dogara.

(Kiɗa)

To, wanda ya ji a ransa zai iya, ta ina zai fara?

Zai fara da lissafin lokacinsa kafin ya buɗe baki. Idan awa biyu kawai yake da ita ranar Asabar bayan la'asar, to ita zai yi alkawari, ya kuma riƙe ta tsawon shekara. Ma'aikacin da ya san za a yi masa sauyin wurin aiki nan da wata biyu gara ya dakata. Yaro ɗaya zai ɗauka, ba goma ba, kuma ba sai ya yi nisa ba: marayan layinsu, almajirin da ke yi wa gidansu aike, ɗalibin da malamai suka ce ya fara fashi.

Zai bi ta ƙofa. Ya je wajen mahaifin yaron ko mahaifiyarsa ko mai riƙonsa, in almajiri ne ya je wajen malaminsa, ya gaisa ya ce, “Malam, ina neman izini in riƙa zama da wane muna duba karatunsa.” Mai unguwa ko limami ya san da maganar. Namiji ya ɗauki namiji, mace ta ɗauki mace. Zaman kuma ya kasance a sarari, a zaure ko ƙofar shago ko harabar makaranta ko tsakar gida inda ido ke gani. Wannan kariya ce ga yaron, kariya ce kuma ga mutuncin babban. Ga iyaye ma akwai gargaɗi: duk babban da ke son keɓewa da yaro, yana yi masa kyauta a ɓoye, yana cewa kada ya gaya wa kowa, to a raba su nan take. Masu lalata yara su ma da rigar taimako suke zuwa, shi ya sa ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan aiki ba sa wasa da tantancewa.

Ba a gina alaƙar a kan kuɗi. Sayen littafi ko biyan kuɗin jarrabawa da sanin iyaye abu ne mai kyau, amma idan kowace haɗuwa da kuɗin kati take ƙarewa, ranar da aljihu ya bushe zumuncin zai bushe. Abin da babba ke da shi wanda ya fi kuɗi tsada shi ne sana'arsa da mutanen da ya sani. Makaniki ya bar yaro ya riƙe sifana. Ma'aikaciyar jinya ta gaya wa yarinya darussan da za ta dage a kansu in tana son shiga makarantar koyon aikin jinya. Wanda ya taɓa cike fom ɗin JAMB ya zauna da wanda babu mai ilimin boko a gidansu, su cike tare. Tela ta kai yarinya wajen mai sayar da yadi ta ce, “Ga 'yata, ki san ta.”

Jagora zai kuma san iyakarsa. Shi ba uba ba ne, ba ya kushe iyaye a gaban ɗansu, ba ya yanke wa yaro shawarar aure ko barin gari. Shi ba likita ba ne. Idan yaro ya yi nisa a shaye-shaye, ko ya ce ana cin zarafinsa, ko ya fara maganar kashe kansa, wannan ba sirrin da ake riƙewa ba ne. Sai a sanar da wanda ya dace a cikin danginsa, a kai shi asibiti ko sashen ba da shawara na hukumar NDLEA ko ofishin jin daɗin jama'a.

Idan kuma dole ta sa a rabu, a yi sallama ta mutunci. A gaya wa yaron tun da wuri, a bayyana masa dalili, a tabbatar ya gane ba laifinsa ba ne, in da hali a damƙa shi a hannun wani amintacce.

Ƙungiyoyin unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai da majami'u suna da rawar da mutum ɗaya ba zai iya takawa ba. Za su iya buɗe rajista da sunayen manyan da suka ba da kansu, su tantance su, su haɗa kowa da yaro ɗaya, sannan su sa mutum guda ya riƙa zagayawa duk wata yana tambayar yaro da iyaye da jagora ko ana haɗuwa. Littafin rubutu ɗaya da mutum ɗaya mai bibiya sun isa a fara.

Masu sauraro, a nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)